Kurakuran masu koyon Kantonis a maganar kusanci da taɓa jiki

Ɗan kasuwar da ya sauka Hong Kong yakan dage da koyon lissafi da ciniki da Kantonis, harshen mutanen garin, ya bar kalmomin da zai fi buƙata a cunkoso. A jirgin ƙasa na MTR ko a layin lif na Chungking Mansions, benen shaguna da masaukai, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai ɗaukar haka laifi. Abin da ake jin haushi shi ne ka bangaje mutum ka wuce shiru.

Da yawa kan ce deoi3 m4 zyu6 don neman hanya, alhali wannan ban haƙurin wanda ya taka ƙafar wani ne. Ka ce m4 goi1 ze3 ze3, wato don Allah a ɗan ba ni hanya. Ko m4 goi1 kaɗai ta isa. Amma kada ka kuskura ka ce haang4 hoi1, wannan kora ce ƙiri-ƙiri.

Lambobin nan ba ado ba ne. Tsarin rubutu ne na Jyutping da aka fitar a 1993, kowace lamba na nuna ɗaya daga karin sauti shida. Mai koyo yakan tsallake su, duk da Bahaushe bai da uzuri, tunda harshensa ma da karin sauti yake aiki. Dim3 taɓawa ce, dim6 kuwa abu ya yi daidai. Saboda haka kar ka taɓa ni shi ne m4 hou2 dim3 ngo5. Ita kuma mo2 shafawa ce, a yi hattara da ita in ana maganar jikin mutum.

Inda aka fi jin kunya wajen hannu ne. Musabaha ita ce aak1 sau2. To1 sau2 riƙe hannu ne ana tafiya, kuma can na masoya ne ko uwa da ɗanta. A Kano abokai maza biyu su riƙe hannu har bakin kasuwa ba komai ba ne. Ka nemi haka daga abokin cinikinka a unguwar Mong Kok, zai yi maka wani irin kallo. Laam2 runguma ce. Sek3 sumba ce, amma tana nufin ji da mutum ma, don haka in an ce kaka na sek3 jikanta, shagwaɓa shi take yi.

Sai gidan shayi na cha chaan teng. In wuri ya cika, ma'aikaci zai ce daap3 toi2, ya zaunar da kai teburi ɗaya da baƙi, gwiwa kusa da gwiwa. Kusancin bai zama gayyatar hira ba. Ka ɗan gyaɗa kai, ka tattara kayanka gefenka, ka ci abincinka, ba sai ka tambayi lafiyar iyali ba.