Babi na 5: Mai Wankin Ƙoda da Ciwon Ƙashi

Darasi na 1

Kowa ya ɗora yatsa a gaban wuyansa, daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Can ciki akwai wasu 'yan ƙulli guda 4, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Likitoci na ce musu faratayirod. Kada sunan ya ba ku tsoro, ba wanda zai ce ku rubuta shi. Aikinsu gadin sinadarin kalsiyam ne a cikin jini.

Idan ƙoda ta gaza, wani sinadari mai suna fosfaras sai ya taru a jini, kalsiyam kuma ya yi ƙasa. Sai 'yan ƙullin nan su dinga kwaso kalsiyam daga ƙashi, kamar mai ɓantarar katangar gidansa don ya yi yaɓen ɗaki. A kwana a tashi ƙashi ya yi ta ciwo, ƙaiƙayi ya hana barci, 'yar faɗuwa kaɗan sai karaya. Injin wanki ba ya kwashe fosfaras duka, ko da ana zuwa sau 3 a mako.

Darasi na 2

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Akwai ƙwayar da likita ke bayarwa don ta kama fosfaras ɗin da ke cikin abinci tun bai shiga jini ba. Da abinci ake shanta. A maimaita: da abinci.

Ɗauko ambulan ɗin maganinka, Malam. Ka ga an rubuta 1-1-1? A wannan magani ma'anarsa ɗaya da karin kumallo, ɗaya da abincin rana, ɗaya da tuwon dare. Ka yi bismilla, ka kai loma, ka sha ƙwayar, ka ci gaba da ci. Loma, ƙwaya, loma. Madalla, haka nake so.

Idan ba ka ci komai ba fa? Ajiye ta, ba abin da za ta kama. Wata taunawa ake yi, wata haɗiyewa, sai ka tambayi mai ba da magani a asibiti wace iri ce taka.

Wata Hajiya daga Ƙofar Sauri ta ce mini sai za ta kwanta take haɗa ukun ta watsa a baki. Haba Hajiya! Tuwo ya wuce tun azahar, me ƙwayar za ta tarar? Sau nawa zan faɗa? Ku da kanku kuke kukan tsadarta, sannan ku sha ta a banza. A ƙulle ta a bakin zani ko a jefa a aljihu in za a gidan biki. Inda kwano yake, nan ƙwaya take.

Darasi na 3

Nono, madara, hanta, ƙuli-ƙuli, kifin gwangwani da baƙin lemon kwalba duk suna da fosfaras da yawa. Na san raba Bakatsine da fura da nono sai an sha fama. A tambayi likita iya adadin da za a sha.

Darasi na 4

A auna kalsiyam da fosfaras duk wata 1 zuwa 3, gwajin PTH kuma, wato sinadarin da 'yan ƙullin nan na wuya ke fitarwa, duk wata 3 zuwa 6. A adana takardun sakamakon a leda ɗaya, a tafi da su ranar wanki.