Yadda Ake Zaɓen Girman Harsashi Don Farautar Kuregen Fili a Amurka

Dabbar da Amurkawa ke kira prairie dog dangin kurege ce, tana zaune tururu a ramuka cikin filayen ciyawa na jihohi irin su Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana da Nebraska. Nauyinta bai wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, saboda haka ba ƙarfin harsashi ne ke damun maharbi ba, abin da ke gabansa shi ne samun ɗan ƙaramin abu daga nesa, cikin iska, sau da yawa a yini guda.

Da farko, maharbi ya tantance nisan da zai riƙa harbi. Idan bai wuce mita 140 ba, harsashin .17 HMR (lambar farko a sunan harsashi tana nuna kimanin faɗin ƙwayarsa a ma'aunin inci), wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2002, ya wadatar, ga shi ba shi da ƙara sosai kuma ba ya tura kafaɗa. Sai dai da zarar an fara harbi da safe, kuregen da ke kusa sukan shige ramuka, ya rage sai waɗanda ke can mita 200 zuwa 300, kuma a nan ne ƙaramin harsashi yake gazawa.

Mataki na biyu shi ne lissafin iska, domin filayen nan ba su da itatuwan da za su tare ta. Ƙwayar .17 HMR gram ɗaya ce da ɗigo ɗaya kacal, iska kaɗan takan kautar da ita. Harsashin .204 Ruger na 2004 yana fita da gudun kusan mita 1,290 a daƙiƙa, yana tafiya a miƙe ƙwarai, amma mai son harbi fiye da mita 350 a ranar iska ya fi dacewa ya nemi .22-250 Remington ko .243 Winchester, waɗanda ƙwayarsu ta fi nauyi.

Mataki na uku shi ne wanda sababbin maharba suka fi mantawa da shi, wato yawan harbi. A wannan farauta mutum kan zauna a tebur ya yi harbi ɗaruruwa kafin la'asar, kuma .22-250, duk da kyawunsa, yana cin albarushi da yawa, har bututun bindiga ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, tururin da ke tashi daga kansa ya riƙa girgiza hoton da ke cikin madubin saiti. Dole a dakata ya huce, in ba haka ba cikin bututun ya lalace da wuri. Ban da haka, harsashi mai ƙarfi yana ɗaga bindiga, ta yadda maharbi ba zai ga inda ƙwayarsa ta tayar da ƙura ba, balle ya gyara saiti. Shi ya sa a ganina .223 Remington ya fi dacewa da mai bindiga ɗaya: yana da araha, ana samunsa a kusan kowane shagon makamai, yana kaiwa mita 300 ba wahala, kuma bututunsa yana daɗewa.

Bayan an tsayar da girma, sai a zaɓi ƙwaya mai saurin tarwatsewa, domin tana kashewa nan take kuma ba ta cika tsalle daga ƙasa ta nufi shanu ba. Wadda ba ta da dalma ta fi, saboda gaggafa da shaho suna cin gawar, dalma kuwa guba ce gare su.

Kafin tafiya, a duba dokar jihar da lasisinta, a nemi izinin mai ƙasa, a kuma sani cewa ɗaya daga cikin jinsunan da ke jihar Yuta, wanda ake kira Utah prairie dog, yana ƙarƙashin kariyar dokar tarayya. Kada a taɓa gawar da hannu, domin ƙumar da ke jikinta na iya ɗauke da ƙwayar cutar annobar da ake kira plague da Turanci.