Yadda za ka shirya filashi ya yi aiki a Windows, Mac da Linux

Ana yawan tambayar abin da ke sa filashi ya buɗe a wata kwamfuta, ya ƙi a wata. Galibi tsarin ajiyarsa ne bai dace ba. Ga gyaran daga Windows:

1. Soka filashin, ka kwashe duk kayan ciki zuwa kwamfuta. Hattara, aikin nan zai share komai.
2. Buɗe File Explorer, wato manhajar duba fayiloli ta Windows.
3. Danna sunan filashin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Format. Duba harafin da ke gefen sunansa (kamar E: ko F:) da kyau, kar ka goge wani diski.
4. A wurin File system, wato tsarin ajiya, zaɓi exFAT, wanda ke aiki a duka ukun. A nan ake yawan kuskure. A cikin sauran tsare-tsaren, FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, NTFS kuwa Mac karantawa kawai yake yi, ba ya rubutu a kansa. Linux ya karɓi exFAT tun kernel (wato ƙashin bayan Linux) 5.4 na 2019.
5. Danna Start.
6. Saka fayil ɗaya, ka gwada buɗe shi a sauran kwamfutocin.
7. Kullum danna Eject kafin ka zare, don exFAT na saurin lalacewa idan aka fizge shi ana cikin rubutu.