Kurakuran da ke kashe buri tun bai tsaya da ƙafarsa ba

A Gombe ba a rasa mai buri. Ka zauna a majalisa a Pantami ko Jekadafari bayan isha'i, za ka ji wannan yana son ya buɗe gidan kaji, wancan shagon ɗinki mai kekuna goma, wani kuma so yake ya koma makaranta ya ƙarasa digiri. Mata ma haka: akwai mai son haɗa humra da turaren wuta, akwai mai son rubuta littafi. Ka dawo baɗi, maganar tana nan inda ka bar ta. In ka tambaya, amsa ɗaya ce: babu jari. Rashin jari gaskiya ne, balle tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi. Sai dai yawancin burin da ke mutuwa bai ma kai matakin neman jari ba. Mai shi ne bai taɓa zama ya tambayi kansa ba: nawa zai ci, yaushe zan fara, kuma da wane lokaci a cikin yini zan riƙa yin sa?

Kuskure na farko, wanda sauran suka rataya a kansa, shi ne barin buri babu farashi. “Zan yi kiwon kaji” magana ce kawai. Waɗanne kaji? Na nama suna isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8. Masu ƙwai kuwa sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin su fara saka, kuma duk tsawon wannan lokaci ci suke yi, ba sa mayar maka da ko sisi. Abinci kaɗai yana cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon. Ga gawayin ɗumama 'yan tsaki a makonnin farko, ga ɓuntun shimfiɗa, ga rigakafin cututtukan kaji irin su gumboro da Newcastle, ga ruwa in unguwarku sai an saya wajen 'yan garuwa. Wanda bai lissafa waɗannan ba shi ne za ka ga ya zuba 'yan tsaki 200 da kuɗin da bai wuce na ciyar da 50 ba. A mako na huɗu, daidai lokacin da cinsu ya ƙaru, aljihu ya bushe, ya hau haɗa musu da dusa, su tsumbure, ya karyar da su.

Gyaran ba shi da tsada. Sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka taka da ƙafarka ka tambayi farashi wajen mutum uku, ka rubuta kowane farashi tare da kwanan watan da aka gaya maka shi, domin kuɗin buhu na yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ka tara, ka ɗora wani abu a kai saboda asara. Sau da yawa mutum zai tarar abin da yake kira rashin jari, rashin jarin kaji 500 ne. Na 30 yana hannunsa tun bara.

Daga nan sai rashin duba lokaci. Kowace sana'a a nan tana da kakarta. Zafin Maris da Afrilu yana kashe kajin nama da suka yi nauyi, musamman a ɗaki mai rufin kwano mara iska, don haka sabon shiga bai kamata ya fara koyo a wannan lokaci ba. Mai nufin kasuwar Sallah, ko ta Kirsimeti wadda ke ci sosai ta wajen Billiri da Kaltungo, sai ya tsaya a kan ranar bikin ya ƙirgo makonni baya. Kada a manta Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, lissafin bara ba zai yi bana ba. Telan da ya buɗe shago a goman ƙarshe na azumi ya makara, mutane sun riga sun kai yadinsu inda suka saba. Mai son ajiyar wake ko masara ya san da kaka ake saye a kasuwar Tudun Hatsi, amma ya sa kuɗin buhun PICS, mai ninki uku da ke hana ƙwari cin hatsi, da hayar sito a lissafi, ya kuma sani ba dole ba ne farashi ya hau: a 2025 hatsi ya faɗi, masu ajiya da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Haka masu neman tallafi. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda ke ba da jarin dala 5,000, a farkon shekara take buɗe karɓar takardu, rajistar JAMB ma a farkon shekara take. Wanda sai an buɗe zai fara neman takardunsa, yakan ƙare da cewa sai baɗi.

Akwai kuma son farawa daga sama. A kama shago a bakin titi, a biya hayar shekara, a yi fenti, a buga allo, a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, alhali ba a taɓa sayar wa mutum ɗaya da komai ba. Rajista tana da ranarta, za ta yi amfani idan za a buɗe asusun banki na kasuwanci ko a nemi rance. Amma ciniki ya riga ta. Mai humra ta haɗa kwalba goma ta kai gidan biki, ta ga wacce aka ɗauka, wacce aka shinshina aka ajiye. Mai son shagon gyaran waya ya sauke girman kai ya zauna a ƙarƙashin wani na wasu watanni. A ganina masu digiri sun fi kowa faɗawa wannan rami, suna jin kunyar a ce musu yaron shago, sai su kashe kuɗin gadonsu wajen sayen darasin da za su samu kyauta.

Maganar haɗa kuɗin sana'a da na cefane kowa ya san ta, kowa kuma yana yi. Yau a zari na magani, gobe na gudummawar biki, jibi ɗan'uwa ya karɓi kaya “zuwa ƙarshen wata”. Ba za ka daina taimakon dangi ba, ba kuma a ce ka daina ba. Ka yanka wa kanka albashi daga ribar, ka yi alherinka daga ciki, uwar kuɗi kuwa ta zauna a wani asusu daban. In hannunka ba ya riƙe kuɗi, shiga adashi da mutanen da ka sani, ka nemi ɗaukarka ta faɗo kusa da lokacin sayen kaya.

Kuskuren da ya fi cin masu aikin ƙirƙira, marubuta da masu zane da masu fitar da sabon salon ɗinki, shi ne jiran natsuwa. “Sai na samu sarari.” Sararin ba ya zuwa, don yini a gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne: ga gaisuwa, ga jana'iza, ga baƙon da ba a kora. Dabarar da ke aiki ita ce a jingina aikin da abin da ba ya tashi, kuma babu abin da ya kai salla tsayuwa a yininmu. Rabin awa bayan asuba, kafin gari ya waye yara su tashi, waya tana wani ɗaki. Shafi ɗaya kullum, cikin wata shida shafi 180 ke nan, littafi ya samu. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada aka faɗe shi, amma mai sana'a ma zai ƙaru da shi. In rana ɗaya ta kuɓuce, kada a ce za a rama da awa biyar ranar Asabar. A koma kan rabin awar washegari.

Sabon tunani ma ba daga sama yake faɗowa ba. Ware bayan littafin nan naka don ƙorafin mutane. Wata ta ce turaren yana da ƙamshi amma ba ya kama kaya, wani ya ce aljihun kaftani ba ya ɗaukar babbar waya. Telan da ya ji haka ya zurfafa aljihu ya ƙara masa ɗinki, ya yi ƙirƙira fiye da wanda ya kwana yana kwafo hotuna a Instagram.

Game da faɗa wa mutane, an kasu biyu, kuma duka an wuce gona da iri. Wani ya baza a Facebook tun bai sayi ko allura ba, ya sha “Allah ya sa albarka” har ya ji kamar ya gama. Wani kuma tsoron baki ya sa ya ɓoye wa kowa, har wanda zai nuna masa inda ramin yake. Mutum ɗaya ko biyu sun isa: wanda ya riga ka shiga harkar, da wanda ba ya jin nauyin ce maka, “Malam, ina aka kwana?”

Da wannan mutumin za ka riƙa buɗe littafin, ko da sau ɗaya a wata. Me ya shigo, me ya fita, me aka ce za a yi ba a yi ba. Idan zubi uku a jere kaji ba su mayar da kuɗinsu ba, kada a ƙara yawa da fatan za a fanshe. A tsaya a duba ko daga wajen sayen 'yan tsakin ne, ko abincin, ko ɗakin, ko kuwa ana kai su kasuwa ne lokacin da kowa ya kai nasa. A gyara abu ɗaya, a sake zuba 30, a rubuta abin da ya fito.