Kafin ka sayi babur mai hayaƙi a ƙasar waje

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san kukan Suzuki 100 da Jincen da Besfa, ya san shuɗin hayaƙin da suke bari a baya tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Injina ne masu ƙona fetur tare da man 2T, shi ya sa hayaƙinsu ya fi na Boksa nesa ba kusa ba. Ga ƙarfi, ga sauƙin gyara, fulogi da sifana sun ishe ka. To ɗan'uwa, in Allah ya kai ka Ingila ko Amurka, kada sabo ya sa ka miƙa kuɗi kafin ka yi tambaya.

Dokar Turai ba ta kama sunan wannan inji ta ce ta hana shi ba. Tambayoyinta biyu ne: wace shekara aka yi wa babur ɗin rajista, kuma ina shaidar yawan gubar da salansarsa ke fitarwa? Matakan ana kiran su Euro, kowane sabo ya fi na baya tsanani. Euro 4 ya fara aiki kan babura a 2016, Euro 5 a 2020, kuma yawancin kamfanoni sun daina ƙera masu shan 2T na kan titi saboda ba sa iya tsallakewa.

Landan ce ta fi cin sababbin zuwa. Akwai tsarin ULEZ, wato cajin kuɗi kan ababen hawa masu gurɓata iska, da aka fara a 2019, aka faɗaɗa shi ya game dukkan unguwannin birnin a watan Agustan 2023. Babur da bai kai Euro 3 ba, wato akasari wanda aka yi wa rajista kafin watan Yulin 2007, duk ranar da ya hau titi sai ya biya fam 12.50. Ba ɗan sanda ba ne zai tsayar da kai balle ka ce masa ranka ya daɗe a yi haƙuri. Kyamara ce ke ɗaukar lambarka, in ba ka biya kuɗin ranar ba takardar tara ta fam 180 ta iske ka har gida, in ka biya cikin kwana 14 a rage rabi. Saboda haka in ka ga tsohon sikuta na 2003 ana sayarwa da arha a Facebook, ka san dalilin arhar. Mai shi nauyi yake son saukewa a kanka.

Sai dai akwai ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba. Abin da ULEZ ke aunawa a babur ba shuɗin hayaƙin da ido ke gani ba ne, wata iskar guba ce mai suna NOx, kuma iyakar ita ce giram 0.15 a kowace kilomita. Abin mamaki, injin 2T bai cika fitar da ita da yawa ba. Ana iya kai tsohon babur wurin gwajin da hukumar sufurin Landan, TfL, ta yarda da shi, in ya haye a cire shi daga biyan kuɗin. Gwajin na kuɗi ne, kuma ba kowane ke hayewa ba. Wanda ya haura shekara 40 kuwa, in an yi masa rajistar kayan tarihi, ba ruwansa da wannan kuɗi.

Masu tunanin ɗauko Besfar baba daga Daura a sa a kwantena, aikin yana yiwuwa amma yana da wahala. Za ka sanar da hukumar haraji, HMRC, cikin kwana 14 da isowarsa. In bai kai shekara 10 ba sai ya yi gwajin ingancin babur da ake kira MSVA, sannan hukumar rajistar ababen hawa, DVLA, ta ba shi lamba. Matsalar baburanmu ita ce takarda: an sayo shi hannu da hannu ta Maraɗi ko Jibiya, babu rasit, lambar bodi ta goge, inji an sauya sau biyu. Wanda ba zai iya tabbatar da shekarar ƙira ba, a ganina ya bar shi a zaure kawai, kuɗin jirgi ya fi ƙarfin babur ɗin.

Amurka lissafinta na shekaru ne. Hukumar muhalli, EPA, tana ɗaga wa abin hawa ƙafa in ya kai shekara 21 kuma injinsa na asali ne, dokar lafiyar hanya kuma sai ya cika 25. Ƙasa da haka, kwastan na iya riƙe shi a tashar ruwa, a ce ka mayar ko a lalata. Ko ya shigo ma, kowace jiha da ƙa'idarta ta ba da lamba, Kalifoniya ta fi kowa tsauri.

In don zirga-zirgar aiki kake nema a Ingila, sayi babur mai inji 125cc na zamani mai rajistar ƙasar, ka yi horon tuƙin babur na yini guda da ake kira CBT, ka manna alamar L ta mai koyo, ka yanki inshora. Kafin ka biya, karɓi lambar babur ɗin ka shigar a shafin TfL, nan take zai gaya maka ko yana biyan ULEZ, kana tsaye gaban mai sayarwa.