Yadda za ka samo wa gem ɗin Girkawa 'yan wasa a zangon Accra

Ina da shagon gem a Nima, a wani lungu da ke ɓullewa Maamobi. Talabijin ne jere a bango, da benci biyu, da ƙaramin janareta saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta. Samarin da suka koyi haɗa gem a kwamfuta sukan kawo mini aikinsu in sa wa yara su gwada, kuma wasunsu tatsuniyoyin Girka suke ɗauka, don da gem ɗin God of War suka tashi. Tambayarsu ba ta canjawa: Yaya, ta ina za mu fara talla? Abin da nake fara gaya musu shi ne su cire rai cewa wani zai zo saboda sunan Zeus, babban gunkin Girkawa. A zango mutum uku ne ke yanke wa gem hukunci, wanda ke buga shi, da mai shagon da zai saka shi, da babban da zai iya cewa kar a sake kunna wannan abin. In talla ta kai ga na farkon kaɗai, to ba ta je ko'ina ba.

Masu bugawa

Akwai 'yan zamanin PS2, wato na'urar gem ta PlayStation 2. God of War na farko ya fito a 2005, na biyu a 2007, amma a shagunanmu sun daɗe suna aiki bayan duniya ta koma PS3. Yaran da suka yi layi a kansu yanzu magidanta ne, wani yana gyaran waya a Circle, wani yana tuƙi, wani yana da shago a kasuwar Nima. Suna da ɗan kuɗi, lokaci ne ba su da shi. Sun san Kratos, jarumin gem ɗin, da Ares da Medusa, ba sai ka yi musu bayani ba. Su ne za su iya biya, kuma su ne za su ce maka kwaikwayo ka yi in ka kawo musu wani ƙato mai sanƙo da sarƙa a hannu irin Kratos.

Ƙannensu kuwa duk harkarsu a waya take, Tecno ko Itel ko Infinix, mai ƙaramin wuri da data ta kwana ɗaya. Su ne mafi yawa. 'Yan mata ma a nan suke, don ba sa shigowa shago irin nawa, shi ya sa mai haɗa gem yake mantawa da su. Manyan kamfanoni ba su manta ba: a Assassin's Creed Odyssey na 2018 kana iya zaɓar Kassandra, kuma Hades II mace ce jarumarsa, Melinoë.

Sai ɗaliban Jami'ar Ghana da ke Legon, inda akwai sashen da ake karanta falsafa da tarihin Girka da Rum. Ba su da yawa, amma bakinsu na da tsawo a intanet, kuma in ka sa Poseidon ya zama ɗan Zeus maimakon ɗan'uwansa, ranar za ka ji su. Ka nemi ɗaya ya duba maka labarin kafin ka fitar.

FIFA ce kishiyarka

Gem ɗin ƙwallo nake nufi. Tun 2023 sunanta ya koma EA Sports FC, amma a nan FIFA muke cewa har gobe. Ka duba lissafin mai shago. Ƙwallo mutum biyu ke bugawa, wasa ya ƙare cikin 'yan mintuna, wanda aka ci ya biya ya tashi, wani ya zauna. Gem mai labari kuwa yaro ɗaya ne zai riƙe talabijin awa guda, ya tsaya kallon bidiyon tsakiya, kuɗin da zai ba ni bai kai rabin na ƙwallo ba. To don me zan saka naka?

Saboda haka tun kana haɗawa ka sa wani sashe gajere, faɗa ɗaya da dodo ɗaya, minti uku zuwa biyar, da maki a ƙarshe da wurin rubuta suna. Da wannan yara za su yi gasa, na baya ya ce a ba shi ya karya makin na gaba, ni kuma in iya karɓar kuɗi a kan kowane zagaye. Hades na kamfanin Supergiant a kan irin wannan tsarin aka gina shi gaba ɗaya: ka yi yunƙurin tserewa, a kashe ka, ka koma gida, ka sake. Mutuwar ce ke sa a ce sai an ƙara ɗaya.

Wane labari za ka ɗauko

Tatsuniyoyin Girka ba na kowa ba ne, babu wanda za ka biya don ka yi amfani da Athena ko Minotaur. Amma Kratos mai farar fata da jan zane na Sony ne. A asalin tatsuniya akwai wani Kratos, ƙaramin ɗan aike ne na Zeus da ya raka Prometheus wurin da aka ɗaure shi a dutse, ba ya kama da na gem ko kaɗan. Kar ka sa hoton na Sony a fostarka, ko da abokanka sun ce zai ja ido.

Abin da ni na ga yana kama mutanenmu shi ne rikicin gida. Ka gwada ba da labarin Herakles a bes wurin ataya ba tare da ka ambaci Girka ba. Maigida Zeus ya haifi ɗa da wata mace a waje, uwargida Hera ta ɗaura yaƙi da yaron, ta tura macizai biyu shimfiɗarsa yana jariri, ya shaƙe su da hannu, daga baya ta haukata shi har ya hallaka 'ya'yansa, aka ɗora masa ayyuka 12 na kaffara. Kafin ka kai tsakiya wani zai ce ai akwai irin matar nan a layinsu. Ko Odisiyus, wanda ya yi shekara 10 a yaƙin Troy, ya ƙara 10 a hanyar dawowa, manema suka cika gidansa suna cin dukiyarsa suna matsa wa matarsa, ɗansa ya girma bai san fuskarsa ba. Wane gida ne a Nima ba shi da wani a Italiya ko Jamus ko Amurka da ake jira? Masu Hades ma haka suka yi. Sun ɗauko Zagreus, wanda kusan ba a san shi ba, suka mai da shi ɗan da ke neman barin gidan ubansa. Jimla ɗaya ce ta sayar da gem ɗin. Ka nemi taka jimlar, wadda yaro zai iya maimaita wa abokinsa a trotro, motar haya.

Kuma ka shirya amsa, don sai an tambaye ka me ya sa ba ka yi a kan Bayajida ko Gizo ba. A nan Accra kamfanin Leti Arts, wanda Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa a 2009, ya mai da Ananse, Gizon tatsuniyoyin Ghana, jarumi. Tambayar ba ta raini ba ce, kar ka fusata.

Bidiyon talla

God of War na farko bai fara da dogon bayani ba. Kana kama fad, wato abin riƙewa a buga gem, kana kan jirgin ruwa a tekun Aegean, kawunan dodo Hydra suna faso katako. Ka yi koyi da wannan. Daƙiƙa uku na farko dodo, ba tambarin kamfaninka ba.

Bidiyon da ya fi tafiya a shagona ba na allo ba ne kaɗai. Ka tsaya a bayan benci da wayarka ranar Asabar da yamma. Yaro na bugawa ya karkace jiki kamar shi za a sara, biyar a tsaye a kansa, ɗaya na ihu kar ka kalle ta, kar ka kalle ta, don ya ga Medusa ta mai da na farko dutse, wani ƙarami ya rufe idonsa da gaske da tafin hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu. Wannan hayaniyar ka ɗauka, da allon da hannun mai wasa. Fuskar yara kam kar ta fito sai da izinin iyayensu. Ka yanke shi bai kai minti ɗaya ba, a tsaye, don ya zauna a status na WhatsApp da TikTok. Muryar da za ka ɗora ta zama Hausarmu ta zango yadda muke yin ta, da ɗan Twi da Fijin ɗinta, sai ka sa rubutun Turanci a ƙasa don na waje. In ka kwaikwayi muryar tallan Amurka, za a yi dariya a wuce.

Magana da manya

Nan ne samari ke yin sakaci, kuma nan ne gem ke mutuwa. Abin da ke cikin labarin nan abubuwan bautar Girkawan dā ne, mu kuma Musulmi ne. Uwa ta ji ɗanta na cewa ya samu ƙarfi daga Zeus, ba za ta tsaya tambayar mene ne PS4 ba.

Kar ka ɓoye, ɓoyewa ce ke jawo zargi. Wani malamin makarantar allo da ke kusa da ni ya taɓa tsayawa bakin ƙofa ya ce, Ɗana, me nake ji yara na faɗa, wai kuna da gumaka a ciki? Na kashe sauti, na ba shi kujera, na ce Allah gafarta Malam, ga shi ka gani da idonka. Na gaya masa almara ce ta mutanen da suka shuɗe, kuma labarin kansa yana nuna su suna ƙarya, suna kishi, suna cin amanar juna. Ya kalla na ɗan lokaci, bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ba. Ya ce in an kira salla a kashe, kuma kar ya ga almajirinsa a nan lokacin karatu. A kan haka muke har yau. Wani malamin zai iya cewa sam bai halatta ba, kuma ba aikinka ba ne ka yi masa gardamar fiƙihu. Ka ce na ji Malam, ka bar yaransa.

A rubutun talla da Hausa ka kira su da sunayensu, ko ka ce gumakan Girkawa. Kar ka fassara sunan God of War kai tsaye ka manna a bango. Ka sa jarumi da dodo a gaba. Mutum-mutumin Girka yawanci tsirara ake sassaƙa su, to ka sa mai zanenka ya tufatar da su tun farko, fosta ɗaya ta isa ta rufe maka layi guda.

Ka rubuta shekarun da suka dace ɓaro-ɓaro. Tsofaffin God of War na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin Turai, akwai jini da tsiraici, ni ba na sa wa ƙanana. Immortals Fenyx Rising na 2020 na 'yan 12 ne. Assassin's Creed Odyssey kuwa yana da wani sashe da aka ƙara a 2019, na zagaya tsohuwar Girka ba faɗa, shi nake nuna wa iyayen da ke son su ga ko akwai ilimi a ciki. In naka zai shiga Play Store za a ba ka tambayoyi a fitar maka da ma'aunin shekaru, ka amsa gaskiya.

Kuɗi da hanyar rabawa

Supergiant ba su jira gem ya kammala ba. Sun fitar da Hades a Disamban 2018 yana rabi, mutane na saya suna gyara musu, har zuwa Satumban 2020. A wannan tsakanin sun sayar da kusan 700,000. Kai ba ka da wannan taron, amma kana da shaguna. Ka kai wa biyu ko uku a Nima da Madina da Sabon Zango kyauta, ka zauna a gefe ka yi shiru, ka rubuta inda yaro ya ajiye fad. Wurin ne za ka gyara, ba inda abokinka ya yaba ba.

Rajistar Play Store dala 25 ce sau ɗaya. Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta ta intanet, dala 100 ne kowane gem, kuma suna cire kashi 30 cikin 100 na ciniki. In kana hangen masu saye a waje, ka buɗe shafin Steam da wuri ka roƙi mutane su sa shi a jerin abin da suke jira. A gida kuwa yawanci ba katin banki ake da shi ba, MoMo ne, wato kuɗi ta waya. Play Store na da dokarsu kan biyan kuɗi a cikin gem, ka karanta ta kafin ka liƙa lambar MoMo a ciki a sauke maka aiki. Fayil ɗin ya zama mara nauyi, ya yi aiki ba intanet. Za a tura shi waya zuwa waya ta Xender ko ka so ko ka ƙi, don haka ka sa lambar WhatsApp ta aikin a allon farko da na ƙarshe, duk inda ya je a san hanyarka.

Lokacin fitarwa, kar ka kusanci goman ƙarshe na azumi, kar kuma ka zaɓi daren da manyan ƙungiyoyin Ingila ke wasa. Washegarin Salla ya fi, yara na da kuɗin barka da salla a aljihu, shaguna cike. Ka shirya gasa a ranar, amma kar ka karɓi kuɗin shiga ka tara ka ba wanda ya ci, nan take za a ce caca ce, kuma da gaskiyar mai faɗa. Shiga kyauta, kyautar daga aljihunka ko daga wani mai shagon waya da ke son a ambaci sunansa: data, ko abin jin sauti na kunne. Ka rubuta sunayen goman farko da alli a allo a bakin ƙofa, ka bar su nan mako guda, ka gaya wa mai shago duk wanda ya karya makin sama ya kira ka.