Yadda na karɓo masarata da aka sayar wa wani

Alhamdulillah, maganar ta mutu. Na biya wani ɗan kasuwa kuɗin buhu 40 na masara a kasuwar Dawanau ta taransifa, ranar ɗauka sai na tarar wai ya sayar wa wani don farashi ya tashi. Na yi ta kiran waya, na kai ƙara wajen yayansa, duk a banza.

Abin da ya yi aiki: na je banki na ciro sitatimen mai hatimi, na adana muryoyinsa na WhatsApp inda ya faɗi adadi da farashi da bakinsa, lauya ya rubuta masa takarda da wa'adin kwana 14, na kai kwafi wajen shugabannin kasuwa. Suka zaunar da mu gaban dillalin da ya shaida cinikin, ɗan kasuwar ya sa hannu zai kawo buhu 40 ɗin, ba kuɗi ba. Jiya na kwashe. Allah ya saka wa dattawan nan.